Hannun da ke Tsaga Citta

Manomin citta yakan yi wata takwas ko tara yana ɗawainiya da gonarsa, amma makonni biyun da ke tsakanin tonowa da zubawa a buhu su ne ke raba citta mai daraja da wadda dillali zai shinshina ya ture gefe. Aikin waɗannan makonni, wato wankewa da tsagawa da shanya, mata ne suka fi riƙe shi a ƙauyukan Jaba da Kachia da Kagarko da Jama'a na kudancin Kaduna, kuma mutane da yawa suna yi masa kallon aikin ƙarfi da ake biya da awo. A ganina sana'a ce ta gwanaye. Abin da masana suka gano cikin shekaru arba'in da suka wuce game da yadda citta ke kwantar da kumburi a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ya ƙara mini girmama ta, domin sinadarin da suke aunawa a ɗakunan bincike, yawansa da ƙarfinsa suna rataye ne da abin da wuƙa da rana da hunturu suka yi wa cittar tun tana kan dutsen shanya.

An fara noman citta don kasuwa a wannan yanki ne a wajajen 1927, lokacin da Turawan mulki ke neman amfanin gonar da zai kawo wa kudancin lardin Zazzau kuɗi. A shekarar ce kuma Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna ya yi reshe zuwa Jos. Ƙasar ta karɓi cittar hannu biyu-biyu. Ruwan sama a nan ya fi na Zariya da Kano yawa da daɗewa, ƙasar tana tsane ruwa ba ta riƙe shi, sannan da damina ta ɗauke sai hunturu ya sauko da busasshiyar iskar da shanya ke bukata. Mutanen Ham na yankin Kwoi ne suka fi yin suna da ita, daga baya maƙwabtansu Bajju da Adara da Atyap da Koro da sauransu suka rungume ta. Yau Nijeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noman citta a duniya, a sahu ɗaya da Indiya da Sin da Nepal, kuma mafi yawan abin da take samarwa daga waɗannan 'yan ƙananan hukumomi yake fitowa. Iri biyu aka fi sani: Tafin Giwa, mai kauri da cikin rawaya, da Yatsun Biri, siririya mai duhu da zafi.

Ba zan daɗe a gona ba, ko da yake can ma akwai gwaninta. Ana yanka iri gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, a shuka a watan Afrilu ko Mayu, a rufe kunyar da ganye ko ciyawa don kada rana ta ƙona tsiron, a yi ta cire ciyawa da hannu saboda fartanya na iya sarar saiwar. Idan ganye ya yi rawaya ya kwanta, daga Nuwamba zuwa Janairu, sai a tono. Daga nan aikin da nake son bayyanawa yake farawa.

Ku zauna kusa da mai tsaga ku ga yadda hannunta ke tafiya. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, tulin wankakkiyar citta a hagunta, ƙaramar wuƙa a damanta. Takan ɗauki hannu guda na citta, ta ɓalle yatsun da suka cuɗe don kada ƙasa ta maƙale a tsakaninsu, sannan ta bi tsawon kowane yatsa ta raba shi gida biyu ta faɗinsa, yadda kowane ɓari zai kwanta shimfiɗe. Ba ta datsa shi a gicciye, ba ta kuma feraye ɓawon. Idan ta ci karo da mai kauri sosai ta raba shi uku, domin ta san cewa ɓari mai kauri zai bushe a waje alhali cikinsa na nan da ɗanshi, ranar da aka ɗinke buhu kuwa shi ne zai fara fumfuna ya shafa wa sauran. Wanda ya yi laushi ko ya canja launi a ciki, da taɓawa ɗaya take gane shi, ta jefa gefe ba tare da ta dakata da hirar da take yi ba. Duk wannan a cikin ƙiftawar ido, sau dubbai a yini, ruwan cittar yana cin fatar yatsunta.

Barin ɓawon nan hikima ce babba. Ƙwayoyin da ke ajiye man citta, mai ƙamshin nan, sun fi taruwa ne dab da ƙarƙashin fata. Wanda ya feraye da nauyin hannu ya zubar da abin da ake saye. A Jamaika da Kochin ta ƙasar Indiya an saba kankare ɓawo don cittar ta fito fara tas, ta yi kyawun gani. Ta kudancin Kaduna tsagaggiya ce mai ɓawo, ba ta da kwalliya, amma masu tatsar mai da ƙaron citta a Turai da Asiya sun san ta da zafi da yawan mai, kuma don haka suke nemanta. Tsagawar tana buɗe cikin saiwar ga iska ta yadda ruwa zai fita da sauri, ɓawon kuma yana tsare taskar da ke ƙarƙashinsa. Yanka ɗaya ya biya bukata biyu.

Sai shanya. Wadda ta iya takan baza a kan falalen dutse ko tamfol ko dandamalin siminti, ɗaiɗai, ba ta bari wani ɓari ya hau kan wani. Da rana ta yi ƙarfi ta bi ta jujjuya. Kwanakin farko su ne masu haɗari, lokacin da cittar ke cike da ruwa: idan aka tara ta tuli a wannan hali, ko aka bar raɓa ta jiƙa ta bayan ta fara bushewa, sai ta yi baƙi, ƙamshinta ya koma warin rima. Cikin mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon ƙarfin hunturu, nauyin da ya kai kilo huɗu ko biyar yakan koma kilo ɗaya. Masu saye don fitarwa waje suna son ɗanshin da ya rage ya tsaya a wajajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, suna da na'urar auna shi. Ita mai shanya kunnenta da hancinta ne na'urarta. Za ta ɗauki ɓari ta karya. Idan ya lanƙwashe, da saura. Idan ya ce ƙas, ya tsinke da 'yan zare-zare a bakin karayar, ƙamshin ya doki hanci har ya sa atishawa, to ya isa buhu. A kasuwar Kwoi ko ta Kubacha za ka ji dillali ya zura hannu cikin buhu ya ce, "Mama, wannan kam ta sha rana." Ita kuma ta amsa, "Ɗana, karya ka ji da kunnenka."

Me ke faruwa a cikin wannan ɓari a tsawon kwanakin? Zafin ɗanyar citta daga wani sinadari yake fitowa da ake kira jinjarol, wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan Ingila, John Thresh, ya fara warewa a 1879. Jinjarol ba ya jure zafi. Idan cittar ta sha rana, ko aka turara ta, ko ta daɗe a ajiye, wani kaso nasa yakan saki ƙwayar ruwa guda ɗaya daga jikinsa ya rikiɗe ya zama wani sinadarin daban mai suna shogawol, wanda Hiroshi Nomura na ƙasar Japan ya bayyana a ƙarshen shekarun 1910. A ɗanyar citta shogawol kaɗan ne ƙwarai, a busasshiya yake ƙaruwa, kuma zafinsa a harshe ya ninka na jinjarol fiye da sau biyu. Duk matar da ta taɓa daka yaji ta san busasshiyar citta ta fi ɗanya cizo, kuma ba ta musanya ɗaya da ɗaya: ɗanya ta zoɓo da lemon citta, busasshiya ta yajin mai jego da kunu da fura, tare da kanumfari da masoro da kimba. Masu maganin gargajiyar Sin ma tun da daɗewa suna lissafa ɗanya da busasshiya a matsayin magunguna biyu dabam. Gaskiya suka gani, domin abin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin a fahimci aikin waɗannan sinadarai sai an san shi kansa kumburin. Tun ƙarni na farko wani marubucin Rum mai suna Celsus ya lissafa alamominsa huɗu: ja, kumbura, zafi da ciwo. Duk wanda ƙaya ta taɓa soka ya san su. Kumburi a asalinsa taimako ne. A cikin kowace tsoka da gaɓa ta jikinmu akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ke zaune suna jira, ana kiransu makurofaj, waɗanda Élie Metchnikoff ya bayyana yadda suke haɗiye ƙwayoyin cuta har ya sami kyautar Nobel a 1908. Idan makurofaj ta ji alamar bakteriya ko ta naman da ya ji rauni, sai ta saki sinadaran kira. Jijiyoyin jini su buɗe, wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura. Jijiyoyin jin ciwo su ƙara kaifi don mutum ya daina taka ƙafar. Fararen ƙwayoyin jini su kwararo su yi aikinsu. Matsala tana zuwa ne idan kiran ya ƙi tsayawa bayan an gama yaƙin, ko kuma ya tashi ba tare da maƙiyi ba. A nan ne ake samun ciwon gaɓɓai mai shekaru, da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita.

Yadda makurofaj ke yanke shawarar yin kiran shi ne zuciyar maganar. A cikinta akwai wani furotin mai suna NF-κB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a 1986. A lokacin zaman lafiya yana nan ɗaure kamar rago a turke, wani furotin mai suna IκB ne igiyarsa. Da zarar alamar cuta ta taɓa fatar ƙwayar, sai wani furotin na uku, IKK, ya sa wa igiyar alama, ƙwayar ta tsinke ta. Ragon ya kuɓuce, ya nufi cibiyar ƙwayar inda DNA take, ya buɗe umarnin ƙera kayan kumburi: TNF-α da IL-1β da IL-6 masu kiran sauran ƙwayoyi, da iNOS mai samar da iskar da ke kashe bakteriya amma take ƙona naman jiki idan ta yi yawa, da kuma COX-2 mai ƙera sinadaran furostagilandin, waɗanda su ne ke kawo zafi da raɗaɗi.

To ga inda shanya ta shigo. Ƙwayar ruwan nan da jinjarol ya saki a kan dutse ta bar wani gurbi a jikin shogawol, gurbi mai son kama farar wutar da ke jikin wasu furotin. Furotin da dama masu ba da umarni a cikin ƙwaya suna da irin wannan farar wuta a daidai wurin da suke aiki da shi, kuma idan wani abu ya manne a wurin sai aikinsu ya yi rauni. A 2008 Min-Hsiung Pan da abokan aikinsa a Taiwan suka zuba wa makurofaj na ɓera gubar ɓawon bakteriya a cikin faranti, abin da ke tayar musu da hankali nan take. Waɗanda aka riga aka ba shogawol, sai aka ga ba a tsinke igiyar nan yadda aka saba ba, NF-κB kaɗan ne ya isa cibiya, iNOS da COX-2 kuma suka ragu sosai. Jinjarol ma yana yin hakan, amma a gwaje-gwaje irin wannan shogawol ne kan fi ƙarfi. Akwai kuma hanya ta biyu da wannan gurbi ke buɗewa: yana kama wani furotin mai suna Keap1, wanda hakan ke sakin Nrf2, shi kuma ya tayar da kayan kariyar da ƙwaya ke amfani da su wajen share gubar da kumburi ke bari. Ke nan sinadari ɗaya yana rage kiran yaƙi, yana kuma ƙarfafa masu gyaran ɓarna.

Wannan ya ɗan bambanta da yadda magungunan kemis ke aiki. John Vane ya nuna a 1971 cewa asfirin tana toshe furotin ɗin da ke ƙera furostagilandin, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Ibuprofen da diclofenac duk a wannan ƙofa suke tsayawa, da ƙarfi kuma. Sinadaran citta ma suna taɓa wannan ƙofa, kamar yadda Fumiyuki Kiuchi da abokansa suka nuna a Japan tun shekarun 1980, har da wata ƙofar ta kusa da ita mai ƙera sinadaran da ke da hannu a ciwon asma. Sai dai taɓawarsu mai sauƙi ce, kuma a wurare da yawa lokaci guda. Ni wannan ne ya fi burge ni game da citta: ba ta rufe kumburi ruf, wanda da ta yi hakan da ta bar jiki ba mai tsaro, tana dai sassauta shi ne ta fuskoki da dama.

Labari mafi sabo ya shafi wata ƙwayar garkuwar, nutrofil, wadda ta fi kowace farar ƙwayar jini yawa. A 2004 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Berlin suka gano cewa nutrofil na iya fesar da DNA ɗinta waje ta zama raga mai danƙo da ke kama bakteriya. Dabara ce mai amfani, amma a jikin masu ciwon lufus da wasu cututtukan garkuwa ragar nan tana yawaita, ta hura kumburi, ta sa jini ya daskare a jijiya. A 2021 ƙungiyar Jason Knight a Jami'ar Michigan ta Amurka ta wallafa cewa jinjarol yana rage fesa wannan raga a jikin ɓeraye masu lufus, ta hanyar ƙara wani sinadarin kwantar da hankalin ƙwaya da ake kira cAMP. A 2023, tare da abokan aiki daga Jami'ar Colorado, suka ba wasu 'yan ƙalilan mutane masu lafiya miligiram 20 na jinjarol kullum har kwana bakwai, kuma nutrofil ɗin da aka ɗebo daga jininsu ya nuna irin wannan sauyi. Ku lura cewa a nan jinjarol ne gwarzon, ba shogawol ba. Wato shanya mai kyau ita ce wadda ta haifar da sabon sinadarin ba tare da ta hallaka tsohon ba.

A nan ne gwanintar take, kuma a nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Zafin rana yana juya kaso kaɗan ne na jinjarol, a hankali. Zafi mai tsanani yana juya kaso mai yawa, amma yana korar man ƙamshin, wanda da ma mai saurin tashi ne, kuma idan ya wuce kima yana lalata sinadaran biyu gaba ɗaya. Shanyar da ta yi jinkiri kuwa, saboda kauri ko cunkoso ko raɓa, tana gayyato fumfuna, kuma wata fumfunar tana haifar da gubar aflatoksin mai cin hanta har ta kai ga sankara. Tarayyar Turai ba ta karɓar cittar da wannan guba ta wuce maikrogiram 10 a kowane kilo, saboda haka buhun da aka yi wa sakaci a ƙauye yana iya sa a mayar da kwantena guda daga tashar jirgin ruwa. Mai shanyar da ta iya aikinta tana tafiya ne a kan siririyar hanya tsakanin waɗannan ramuka biyu, ba ta da ma'aunin zafi, ba ta da na ɗanshi, sai sanin iska da launin ɓari da ta koya a gefen uwarta. Wanda ke baza citta a gefen kwalta, tana shan hayaƙin mota da ƙura, awaki na bi ta kai, shi ma shanya yake cewa yana yi, amma kowa a kasuwa ya san bambancin, kuma farashi ma ya sani.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin, domin ƙaunar citta ba za ta sa in yi mata ƙari ba. Abin da ke faruwa a faranti ba shi ne ke faruwa a jikin mutum kai tsaye ba. Binciken da Suzanna Zick ta jagoranta a Michigan a 2008 ya nuna cewa ko an haɗiyi giram biyu na citta, hanji da hanta suna saurin naɗe sinadaran su canja musu siffa, kuma cikin sa'o'i kaɗan suke barin jini. Don haka tasirinta a kan mutane matsakaici ne. A gwajin da Roy Altman da K. C. Marcussen suka wallafa a 2001 kan mutum 247 masu ciwon gwiwa, kashi 63 cikin ɗari na waɗanda suka sha tataccen haɗin citta da wata 'yar'uwarta sun sami sauƙi, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 50 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki su ma sun ce sun ji sauƙi. Bambancin na gaske ne, amma ba mai yawa ba ne. A wani gwajin a Iran a 2009, ɗalibai mata da suka sha miligiram 250 na garin citta sau huɗu a rana a kwanaki ukun farko na al'ada sun sami sauƙin ciwon mara daidai da waɗanda suka sha ibuprofen. Wannan abin a yaba ne ga tsiron da ake sayarwa a gwangwani a kowace kasuwa. Amma mai lufus ko mai amosanin gaɓɓai kada ya ajiye maganin asibiti saboda shayin citta. Yawanta yana tayar da ƙwannafi, mai gyambon ciki ya yi hattara, wanda ke shan maganin tsinka jini irin warfarin kuwa sai ya tambayi likitansa kafin ya mayar da ita abin sha na kullum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ribar wannan ilimi ke tsallake masu aikin. Cittar da aka tsaga a Kwoi ana loda ta a tirela zuwa Legas, ta hau jirgin ruwa a buhu, a can wata ƙasa a tatse man da ƙaron, a auna jinjarol da shogawol ɗin da ke ciki, a zuba a ƙwayoyi masu tambari, a sayar da 'yar ƙaramar kwalba a kan kuɗin da ya fi abin da mai tsaga ke samu a kwanaki da yawa. Injinan yanka sun fara shigowa, kuma ban ƙi su ba, domin suna hutar da yatsu suna kuma rage lokaci. Amma inji ba ya gane ruɓaɓɓen ɓari, sai an sa mai ido a bakinsa. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da tsangayarta ta haɗa magunguna, muna da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikin Kafanchan kanta, akwai kuma cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike wadda citta ke cikin aikinta. Aikin da nake fatan gani shi ne a zauna da waɗannan mata, a ɗauki samfur daga shanyar dutse da ta tamfol da ta rumfar leda, ta Tafin Giwa da ta Yatsun Biri, a auna sinadaran, a rubuta sakamakon a jikin buhu. Ranar da mai saye zai biya kuɗi gwargwadon abin da ke cikin cittar, ranar ce gwanar shanya za ta fara cin moriyar gwanintarta fiye da mai shanyar gefen titi.

Daminar 2023 ta nuna yadda duk wannan ke tsaye a kan ƙafa ɗaya. Wata cutar fumfuna ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya tun kafin lokacinsa, aka tono saiwa ta ruɓe a ƙasa. Manoma da yawa sun rasa kusan duk abin da suka shuka, asarar ta kai biliyoyin naira, farashin citta ya yi tashin gwauron zabo har masu shayi a Kano suka ji a jikinsu. Da yake citta daga jikinta ake samun irinta, wanda ya rasa amfanin bana ya rasa irin baɗi, kuma irin da ya tsira ma yana iya ɗauke da cutar zuwa sabuwar gona. A hunturun waccan shekarar duwatsun shanya da yawa sun zauna fayau, matan da suka dogara da kuɗin tsaga don biyan kuɗin makarantar yara da hidimar Kirsimeti suka nemi wani aikin.

Farfaɗowar tana tafiya a hankali, kuma abin da masana aikin gona ke ba da shawara a kai ya sake komawa ga ido da hannu: a canja gona, kada a maimaita citta a inda cutar ta ci, a gyara magudanar ruwa don kada ya kwanta a gindin shuka, a tsoma iri a maganin fumfuna kafin a binne, sannan a tantance kowace gunduwa tun kafin ta shiga ƙasa. Wannan tantancewa ta ƙarshe, ta raba lafiyayyen iri da mai ɓoyayyen ciwo ta hanyar taɓawa da duban launin ciki, babu wanda ya fi cancanta ya yi ta kamar matan da suka yi shekara da shekaru suna buɗe cikin citta da wuƙa, kuma duk shirin raba iri da aka tsara ba tare da su ba zai kai wa manoma buhunan da ba wanda ya duba cikinsu.